Ribar Sa Tana Bakin Ɗan Canji

Akwai wata magana da muke ta ji a kara tun daga Dakoro har Maigatari: mutum ya sayar da shanunsa da tsada a Nijeriya, ya dawo gida ya lissafa, sai ya ga uwar kuɗi ma da ƙyar ta dawo. To ina ribar ta shiga?

Mu da sefa muke saye, da naira muke sayarwa. Dattawan cikinmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. A wancan karon iska bayanmu ta bi. Shanunmu suka yi araha ga mai naira, daskararren naman Turai kuma ya yi tsada a Abijan, aka dawo ana neman na Sahel. Wasu da wannan ribar suka gina gidaje. Amma tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ita kuwa naira ba ta da turke. Ta faɗi a 2016. Daga Yunin 2023, da Babban Bankin Nijeriya ya sake ta, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Bari mu buga misali, kowa ya sa nasa farashin. Ka sayi ramammen sa jika 250, ka turke shi kwana 90. Dusa, harawa, ƙowa, kanwa, allura da ladan yaro sun ci jika 70. Mota, duwan, la'adar dillali da abin da ake miƙawa a shingaye (kowa ya san ba shi da rasit) jika 40. Ka tashi a 360. Mahauci a Legas ya saya a kan nairar da ta yi daidai da jika 400, amma bashi, sai ya yanka ya sayar. Mako huɗu kana zaune gidan fatoma. Kafin kuɗin su fito naira ta sauka da kashi ɗaya cikin goma. Ɗan canji ya miƙo maka jika 360 cif. Wahalar wata huɗu ta tafi a banza, abincin da ka ci a Agege ma daga aljihunka.

Saboda haka a ganinmu, idan naira tana rawa, gara a sayar kuɗi hannu ran Alhamis a Maigatari da ragin jika 15, da a bi dogon farashin Kurmi a kan bashi. In kuwa an karɓi naira, kada ta kwana biyu a aljihu: ko a canza nan take, ko a juya ta ta zama kayan da za su sayu a gida.

Turka ma haka take. Wanda ya tara harawa da dusa da kaka, suna araha, shi ke cin riba. Mai sayen buhu ɗai-ɗai a bazara, wallahi mai dusa yake yi wa aiki. Kuma san da ya gama cika, kowace rana ya ƙara a turke ci kawai yake yi, ƙarin naman bai kai kuɗin abincin ba. Da yawanmu muna riƙe shi don a ce san wane ya fi na kowa a unguwa.

Sai iyaka. Nijeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai. Waɗanda suka ci bashi suka cika garka da shanu don kasuwa guda, su suka fi jin jiki, don mai bashi ba ruwansa da iyaka, sa kuma bai daina ci ba. Shi ya sa wasunmu yanzu suke raba jari uku: kashi ɗaya a turke, ɗaya a hanya, ɗaya kuma sefa a hannu wadda za ta ciyar da dabbobin wata biyu in an wayi gari an sa kwaɗo a Ɗan Isa ko Ƙonni.