Daga Motar Kara Zuwa Jirgin Takarda

A Landan, tun shekarar 1810 aka fara sayar wa yara 'yar tsana ta takarda mai suna Little Fanny, da rigunanta da ake sauya mata. A ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kuwa, a da takarda ta malamai ce, ba abin da za a sakar wa yaro ya yayyaga ba.

Kara ne ya tsaya a madadinta. Da an girbe dawa, sai yara su ɓare sillen kara, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su riƙa soka siraran ɓawon a cikinta har mota ta tashi, da tayoyi da bodi, wani ma har da karen mota a baya. Gwani kan ƙera tabarau. 'Yan mata kuma su naɗa wa guntun kara tsumma, su goya.

Takarda ta wadata ne bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya (UPE) na 1976 ya kai firamare ƙauyuka. Daga nan littattafan rubutu suka fara ramewa: a ciro fallen tsakiya, a ninke, ya zama jirgin sama ko kwalekwalen da ake saki a ruwan damina. Kayan wasan roba na Sin sun zo daga baya, su kuwa sai da kuɗi.