Kantin Burodi na Dala Miliyan 100: Me Ya Tabbata, Me Aka Ƙara?

Labarin Hometown International yana yawo a bakin masu harkar hannun jari tun watan Afrilun 2021, lokacin da David Einhorn, shugaban kamfanin zuba jari na Greenlight Capital, ya ambace shi a wasiƙarsa ga masu jari. Kamfani ne da ya mallaki kanti guda tak, na sayar da burodi da nama da sauran kayan tanɗe-tanɗe, a garin Paulsboro da ke jihar New Jersey ta Amurka. Amma darajarsa a kasuwa ta haura dala miliyan 100.

Masu cewa kantin na bogi ne ba su yi daidai ba. A lokacin akwai shi, ana dafawa ana sayarwa. Sai dai cinikinsa na 2019 bai kai dala 22,000 ba, na 2020 kuma, shekarar da korona ta rufe shi wata da watanni, bai kai 14,000 ba. Kamfanin da kansa ya kai wa SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, waɗannan alƙaluma.

Babban kuskuren da ake yi shi ne zaton wani ya ƙirga dala miliyan 100 ya biya. Ba a yi haka ba. Yadda ake lissafin darajar kamfani shi ne a ɗauki farashin ciniki na ƙarshe a ninka shi da yawan hannayen jarin duka. A 2021 Hometown yana da hannu kimanin miliyan 8, farashin kowanne ya zarce dala 13. To, a kasuwar OTC, inda dillalai ke cinikin hannayen jarin da ba su shiga manyan kasuwanni irin su Nasdaq ba, ƙaramin kamfani kan wuni ba a taɓa shi ba. Cinikin 'yan ɗaruruwa ya isa ya tsayar da farashin miliyoyi. Kamar dillali ne ya sayar wa ƙaninsa rago ɗaya da tsada a gaban jama'a, sannan ya ce kuɗin garken ke nan. Abin da masu gabatar da ƙara suka ce an yi ke nan, a shari'ar da ta biyo baya: asusun da ke hannun mutane ɗaya suna saye da sayarwa tsakaninsu, har farashin ya tashi da kashi 939 cikin ɗari.

Sai batun jami'o'i. Gaskiya ne kuɗin jami'o'in Duke da Vanderbilt ya shiga kamfanin, ta hannun Maso Capital na Hong Kong. Masu hangen bunƙasa suka riƙe wannan hujja, wai manya ba sa zuba kuɗi a banza. A ganina nan aka fi ruɗuwa, domin ba burodin ake saye ba. Abin sayarwar shi ne rajistar kamfanin: wani kamfani mai zaman kansa ya haɗe da fankon kamfani irin Hometown, ya tsinci kansa a kasuwar Amurka ba tare da ya bi dogon layin tantancewa ba. Hakan kuwa aka yi a 2022, da wani kamfanin roba mai suna Makamer, aka kuma rufe kantin a shekarar.

Cewa rajista da SEC tabbaci ne na nagarta, wannan ma ba haka ba ne. Hukumar tana tilasta bayyana lissafi ne, ba ta cewa a saya. Haka nan zancen wai duk abin da ke OTC damfara ne. Ana cinikin hannun jarin Nestlé a can, kuma a Najeriya ma kamfanin da ke yin madarar Peak yana kasuwar NASD, wadda ita ma ta irin wannan ce.

A Satumban 2022 aka tuhumi mutum uku da maguɗin farashin hannun jarin Hometown: James Patten, da Peter Coker babba, da ɗansa Peter Coker ƙarami, wanda sai a Tailan aka kamo shi a farkon 2023. Patten ya amsa laifi a Disamban 2023, uban da ɗan kuma a Disamban 2024, kotu ta ɗaure su biyun a 2025.