BABI NA UKU: ZAƁEN SIFIRIN DA SHOKAZOBA NA KASUWA GA MOTAR HAWA TA YAU DA KULLUM

3.0 Gabatarwa

Wannan babi ya ƙunshi bayani a kan yadda ake zaɓen sifirin da shokazoba na kasuwa domin motar da ake hawa kullum. Abin da ake nufi da na kasuwa a nan shi ne kayan canji waɗanda wani kamfani dabam ya ƙera, ba kamfanin da ya ƙera motar ba. Motar yau da kullum kuwa ita ce wadda ake zuwa aiki da kasuwa da ita, ake kai yara makaranta, ake kuma yin tafiya da iyali a cikinta. An fara da aikin kowane ɗaya daga cikin kayan biyu, sannan ƙarfin sifirin, da ire-iren shokazoba, da misali daga Peugeot 504, daga ƙarshe kuma matakan zaɓe. Manufar babin ita ce a nuna cewa nauyin da mota ke ɗauka da irin hanyar da take bi su ne ya kamata su yanke hukuncin abin da za a saya, kuma dole sifirin da shokazoba su dace da juna.

3.1 Aikin Sifirin da Aikin Shokazoba

Sau da yawa akan ɗauka cewa shokazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. A haƙiƙa wannan aikin sifirin ne. Shi ne ke riƙe gangar jikin mota a kan ƙafafunta, shi ne kuma ke ƙayyade tsayinta daga ƙasa. Idan taya ta hau tudu, sifirin yakan matse ya karɓi bugun, sa'an nan ya sake miƙewa. Matsalarsa ita ce ba ya tsayawa da kansa da wuri. Da zarar an matse shi an saki, zai yi ta lilo sama da ƙasa har sai ƙarfin ya ƙare.

A nan ne aikin shokazoba yake shigowa. Ita dai silinda ce mai ɗauke da mai, a cikinta akwai fistin mai ƙananan ƙofofi da bawul. Duk lokacin da ƙafar mota ta motsa sama ko ƙasa, fistin yakan tilasta wa man ya bi ta cikin waɗannan ƙofofi. Turjiyar da man ke yi ita ce ke kashe lilon sifirin, ta mayar da ƙarfin motsin ya zama zafi. Wannan ne ya sa shokazoba mai aiki takan ɗauki ɗumi bayan tafiya a kan hanya mai gargada. A yawancin motocin hawa, turjiyarta a lokacin miƙewa ta fi ta lokacin matsewa, domin a bar sifirin ya karɓi bugu cikin sauƙi, a kuma hana shi harba mota sama.

Muhimmancin wannan ya wuce jin daɗin fasinja. Birki da sitiyari ba su da wata hanyar sarrafa mota sai ta inda taya ta taɓa ƙasa. Idan shokazoba ta mutu, taya takan yi ta tsalle, riƙonta ga hanya ya ragu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ta ƙaru. Ke nan batun ya shafi rayukan waɗanda ke cikin motar da na sauran masu bin hanya.

A motoci da yawa an haɗe sifirin da shokazoba na gaba a wuri guda, bisa tsarin da ake kira da sunan injiniyan nan Ba'amurke Earle MacPherson, wanda kamfanin Ford ya yi amfani da shi a motar Consul a Ingila a shekarar 1950. A wannan tsari, shokazoba tana cikin abubuwan da ke riƙe ƙafa a mazauninta, saboda haka duk wani canji da aka yi mata yakan shafi daidaiton ƙafafun gaba.

3.2 Ƙarfin Sifirin da Tsayin Mota

Ana auna ƙarfin sifirin ne da yawan nauyin da ake buƙata kafin ya matse da milimita ɗaya. Tushen wannan awo shi ne dokar da masanin kimiyya Robert Hooke ya bayyana a Ingila a shekarar 1678, wadda ta nuna cewa matsewar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne niyuton a kan milimita.

Ga misali na lissafi domin a fahimci abin. A ɗauka cewa kusurwa ɗaya ta mota tana ɗauke da kilo 300, kuma sifirin yana zaune daidai saitin ƙafa. Idan ƙarfinsa niyuton 20 ne a kowace milimita, zai matse da kimanin milimita 147, kuma gangar motar za ta riƙa lilo kusan sau 1.3 a daƙiƙa. Idan aka sanya mai ƙarfin niyuton 30, matsewar za ta koma kimanin milimita 98, lilon kuma ya kai kusan sau 1.6 a daƙiƙa. Yawancin motocin hawa ana tsara su ne a tsakanin sau 1 zuwa 1.5 a daƙiƙa, domin a nan ne jikin ɗan Adam ya fi samun sauƙi. Haka kuma, idan aka ƙara kilo 100 a wannan kusurwa, sifirin na farko zai ƙara sauka da milimita 49, na biyu kuwa da milimita 33 kawai. Daga nan za a ga cewa sifirin mai tauri ya fi jure kaya, amma ya fi isar da bugun hanya ga fasinja idan motar ba ta da lodi.

Abubuwa uku ne ke ƙayyade ƙarfin sifirin mai naɗi: kaurin wayar, da faɗin naɗin, da yawan zagayen da ke aiki. Kaurin waya shi ne ya fi tasiri. Idan aka tashi daga waya mai kaurin milimita 12 zuwa mai milimita 13, ba tare da an canza komai ba, ƙarfin zai ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari. Wannan ya nuna haɗarin zaɓen sifirin da ido a shago, domin biyu za su iya yin kama da juna alhali aikinsu ya sha bamban.

Daga cikin sifirin na kasuwa akwai iri uku da suka fi shahara. Na farko shi ne wanda ya yi daidai da na asali a tsayi da ƙarfi. Na biyu shi ne na ɗaukar kaya, wanda ya ɗan fi na asali tauri. Na uku shi ne na sauke mota, irin wanda kamfanonin Eibach da H&R na Jamus suka yi suna a kansa, wanda yakan rage tsayin mota da kimanin milimita 25 zuwa 40. Wannan na ƙarshe yana rage karkacewar mota a kwana, yana kuma ƙara mata kyan gani. Sai dai yana cinye tazarar da ƙafa ke da ita ta motsawa sama, yana kuma kusantar da tukunyar man inji da bututun hayaƙi ga ƙasa. A kan titi mai santsi ba a cika jin wannan asara ba. A kan hanya mai ramuka da tudun rage gudu kuwa, motar takan riƙa dukan ƙasa, gyaran da zai biyo baya kuma ya fi kuɗin sifirin ɗin.

3.3 Ire-iren Shokazoba

Shokazoba iri biyu ce ta fuskar gini. Akwai mai bututu biyu, wadda fistin ke aiki a bututun ciki, na waje kuma ya zama ma'ajiyar mai. Ita ce ta fi yawa a motocin hawa, ta fi araha, ta kuma fi laushi a kan ƙananan gargada. Rauninta shi ne idan aka daɗe ana tafiya a mummunar hanya, man yakan yi zafi ya gauraya da iska ya yi kumfa, sai turjiyar ta ragu. Domin rage wannan ne ake ɗura wa wasunsu iskar naitorojin kaɗan.

Akwai kuma mai bututu ɗaya, wadda wani fistin na biyu ke raba mai da iskar naitorojin mai matsi sosai. Masanin nan Bafaranshe Christian Bourcier de Carbon ne ya ƙirƙiro tsarin, kamfanin Bilstein na Jamus kuma ya fara sanya shi a motocin Mercedes-Benz a shekarar 1957. Wannan iri ya fi fitar da zafi, ba ya kuma yin kumfa da wuri. Amma ya fi tsada, kuma idan dutse ya lotsa bututun, fistin ba zai iya wucewa ba, saɓanin mai bututu biyu wadda bangonta na waje yake kare na ciki.

Abin lura shi ne ko wanne iri aka zaɓa, dole turjiyarta ta dace da ƙarfin sifirin, tsawonta kuma ya dace da tsayin mota. Sifirin mai tauri a kan shokazoba mai laushi yakan sa mota tsalle. Shokazoba mai tauri ƙwarai a kan sifirin mai laushi takan hana shi miƙewa da wuri, sai mota ta yi ta dunƙulewa a kan gargada. Gajeren sifirin a kan shokazoba ta asali kuwa yakan sa ta yi aiki kusa da ƙarshen tafiyarta, ta lalace kafin lokacinta.

3.4 Misali Daga Peugeot 504

Motar Peugeot 504 ta fito a Faransa a shekarar 1968, kamfanin PAN kuma, wanda ya fara aiki a Kaduna a shekarar 1975, ya daɗe yana harhaɗa ta. Sunan da ta yi a hanyoyin Afirka ya samo asali ne daga tsayinta daga ƙasa, da doguwar tazarar motsin ƙafafunta, da sifirin mai sauƙin tauri wanda aka daidaita da shokazoba mai riƙo. Wato ƙafa tana da wurin da za ta shiga rami ta fito ba tare da gangar motar ta girgiza ƙwarai ba.

Wani darasi kuma yana cikin yadda kamfanin ya bambanta bayan motar bisa aikinta. Doguwar 504 ta iyali, wadda aka yi ta amfani da ita wajen jigilar fasinja tsakanin garuruwa, tana da sifirin mai naɗi guda huɗu a baya, biyu a kowane gefe. Ta ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya kuwa, sifirin mai falle-falle aka sanya mata. Suna ɗaya ne, amma da yake lodin ya bambanta, sai kayan ƙafa suka bambanta. Wannan shi ne ƙa'idar da mai sayen kayan kasuwa ya kamata ya bi.

3.5 Matakan Zaɓe

Mataki na farko shi ne a tantance abin da ya lalace. Alamar gajiyar sifirin ita ce saukar mota ko karkatarta gefe ɗaya a lokacin da take tsaye ba lodi, ana kuma gane haka ta hanyar auna tsayinta a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Sabuwar shokazoba ba ta ɗaga motar da sifirinta ya kwanta. Alamomin mutuwar shokazoba kuwa sun haɗa da zubar mai a jikinta, da dungurawar gaban mota idan an taka birki, da lilo bayan an wuce tudu, da cinyewar taya wuri-wuri. Gwajin danna mota da hannu a saki yana nuna wadda ta mutu sarai ne kawai, ba ya kama wadda ta fara rauni.

Mataki na biyu shi ne a lissafa lodin da motar ke ɗauka a mafi yawan kwanaki. Wanda ke hawa shi kaɗai ko da mutum biyu, sifirin daidai da na asali ya ishe shi. Wanda ke cika mota da iyali da kaya a but yana iya sanya na ɗaukar kaya a baya. Amma ya sani cewa wannan bai ƙara wa motar iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade mata ba, domin birki da taya suna nan yadda suke.

Mataki na uku shi ne a dubi hanya. Inda ramuka da tudun rage gudu suka yi yawa, a bar mota a tsayinta na asali. Mataki na huɗu shi ne a sayi kaya da lambar da ta dace da samfurin motar da shekararta da girman injinta. Kamfanoni irin su KYB na Japan, da Monroe na Amurka, da Sachs na Jamus, suna da kundin da ke nuna wannan. A guji jabu, da tsohuwar shokazoba da aka yi wa fenti, domin arha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, ana canza su ne bibbiyu, na hagu da na dama tare. A canza robobin mazauni da robar da ke tare ƙarshen matsewa idan sun tsufa, a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin bayan mota ta sauka a kan ƙafafunta, sa'an nan a daidaita ƙafafun gaba. Bai kamata bakanike ya kwance sifirin ba tare da na'urar matse shi ba, domin yana iya harbawa ya yi mummunan rauni. Haka nan ba a yanke sifirin ko gasa shi da wuta domin a sauke mota. Yanke zagaye ɗaya daga cikin takwas masu aiki yana ƙara tauri da kusan kashi 14 cikin ɗari, yana kuma iya hana shi zama a mazauninsa, wuta kuwa tana kashe ingancin ƙarfen.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shokazoba kuma ke kashe lilo domin taya ta riƙe hanya. An kuma ga cewa ƙarin tauri ko rage tsayi yana zuwa da asarar da motar yau da kullum ba ta cika iya ɗauka ba. Saboda haka, zaɓin da ya fi dacewa da irin wannan mota shi ne sifirin da ke kusa da na asali a tsayi da ƙarfi, tare da ingantacciyar shokazoba da aka ƙera domin samfurin motar. Kaucewa daga wannan ba ta da hujja sai inda lodi ko hanya suka buƙaci haka, kuma a lokacin ma sai a canza sifirin da shokazoba tare domin su dace da juna.