Yadda Haske Ke Tona Asirin Maganaɗisun Rana

Tsakanin duniya da rana akwai tazarar kilomita kusan miliyan 150, kuma zafin fuskarta ya kai digiri 5,500. Babu ma'aunin da za a ɗora a kanta ya tsira. Saboda haka masana haskenta suke karantawa domin sanin ƙarfin maganaɗisunta.

In aka rarraba hasken rana zuwa launukansa, kamar na bakan gizo, akan ga siraran layuka baƙaƙe, kowane sinadari da nasa. A shekarar 1896 Pieter Zeeman, masani ɗan ƙasar Holand, ya gano cewa maganaɗisu yana tsaga irin wannan layi gida-gida, kuma gwargwadon ƙarfinsa, gwargwadon faɗin tsagar. A 1908 George Ellery Hale ya ga tsagar a hasken baƙaƙen tabon da ke jikin rana, daga dutsen Wilson na Kalifoniya. Karo na farko ke nan da aka tabbatar da maganaɗisu a wajen duniyarmu. A tsakiyar tabo ƙarfin yakan kai gaus 3,000, alhali na doron ƙasa bai kai gaus ɗaya ba.

A sauran fuskar rana ƙarfin kaɗan ne, tsagar ba ta ganuwa. A farkon shekarun 1950 Horace Babcock da mahaifinsa Harold suka ƙera magnetograf, na'urar da ke auna yadda hasken gefen layin yake murɗawa dama ko hagu. Murɗawar ce ke nuna ko maganaɗisun fitowa yake daga jikin rana ko shiga. Jikanyar wannan na'ura, HMI, tana cikin tauraron ɗan Adam SDO tun 2010, tana duban layi guda na baƙin ƙarfe, tana zana taswirar rana duk daƙiƙa 45. Kumbon Parker kuwa, wanda aka harba a 2018, ya kutsa cikin iskar da ke lulluɓe da rana a 2021, ya auna kai tsaye.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne, idan maganaɗisun ya cukurkuɗe ya ɓalle, rana kan watso guguwa mai dagula lantarki da sadarwa. A watan Maris na 1989 irinta ta katse wuta a lardin Kebek na Kanada tsawon awa tara. Taswirar da ta nuna cukurkuɗewar da wuri ita ce ke ba masu kula da lantarki da taurarin ɗan Adam damar shiri.