Rabon Dukiya Bayan Mutuwar Aure: Abin da Doka Ta Tanada da Yadda Ake Gano Dukiyar da Aka Ɓoye

Idan aure ya mutu, sau da yawa takardar saki ba ta kawo ƙarshen rigima. Bayanta ne ake fara jayayya kan gida, fili, shago, mota da kuɗin ciyar da 'ya'ya. A nan ne kuma za a ji mutumin da aka san shi da wadata ya tsaya gaban alƙali yana cewa ba shi da komai. Tambayoyi biyu ne ke tasowa: wa ke da haƙƙi a kan me, kuma ta yaya za a gano abin da aka ɓoye?

Irin auren shi ke nuna dokar da za a bi

A Najeriya babu dokar da ta ce a raba dukiyar ma'aurata gida biyu daidai da zarar sun rabu. Irin auren da aka ɗaura shi ne ke nuna kotun da za a je da ƙa'idar da za a bi, kuma iri uku ne.

Auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, kuma Babbar Kotun jiha ko ta Birnin Tarayya ce ke raba shi. Sashe na 72 ya ba kotu ikon tsara yadda za a yi da kadarorin ma'aurata bisa abin da ta ga ya dace da adalci. Sashe na 70 kuwa ya ce wajen yanke kuɗin ciyarwa a duba abin da kowa ya mallaka, da abin da zai iya samu, da kuma halayyarsa a zaman auren.

A auren Musulunci, wanda kotunan shari'a ke dubawa bisa mazhabar Malikiyya, aure ba ya haɗe dukiya. Abin da miji ya nema nasa ne, abin da mata ta nema nata ne. Sadaki nata ne, haka gadonta da ribar sana'arta. Wadda aka yi wa sakin da ake iya kome tana da ciyarwa da masauki har ta gama idda, mai ciki kuma har ta haihu. Ciyar da 'ya'ya, tufatar da su da lafiyarsu suna kan uba ko da suna hannun uwarsu. Idan kuwa ta zuba kuɗinta a ginin gida ko a jarin miji, tana iya neman haƙƙinta a matsayin bashi ko tarayya, matuƙar ta kawo hujja.

A auren gargajiya kotunan gargajiya ne ke yanke hukunci bisa al'adar yankin, kuma a wurare da dama macen da ke neman kaso sai ta nuna gudummawar da ta bayar.

Hujja ce ke raba gardama

Duk ukun sun haɗu a wuri ɗaya: mai da'awa shi ke kawo hujja. A wata shari'a da Kotun Ƙoli ta yanke a 1992, wata mata ta ce tare da mijinta suka gina gidan da ya sayar, amma ta rasa ƙarar saboda ba ta bayyana irin gudummawar da ta bayar da yawanta ba. Cewa kawai "tare muka sha wahala" bai wadatar ba. Kotu na son jin buhun siminti nawa aka saya, yaushe, kuma wa ya gani.

A fiƙihun Malikiyya ana tabbatar da da'awar dukiya da shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Idan babu shaida, wanda ya musa shi ke rantsuwa. Kan kayan cikin gida ma akwai ƙa'ida: idan an rasa hujja, abin da aka saba gani na mata ne, kamar kayan ado, a ba wa matar bayan ta rantse, abin da aka saba gani na maza kuma a ba wa mijin. Wannan ya sa rubuta jerin kayan ɗaki da na gara a ranar kai amarya, a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu, yake da amfani ƙwarai.

Inda ake ɓoye dukiya

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani yana da wuyar ɓoye albashi, domin akwai takardar biya, da bayanin haraji, da asusun fansho. Matsalar ta fi yawa wajen 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda yawancin cinikinsu da tsabar kuɗi ake yi.

Hanyoyin da aka saba gani sun haɗa da sayen fili da sunan ƙane ko aboki, ba da shanu kiwo a ruga, ajiye hatsi a rumbun kasuwa, sayen babura masu ƙafa uku a raba wa matasa suna kawo kuɗin yini, da buɗe asusun waya da ɗayan bai sani ba. Wasu na ƙirƙiro bashin ƙarya, wasu kuma su rubuta takardar sayar da gida ga ɗan'uwa a kan farashin da bai kai rabin darajarsa ba. Ba maza kaɗai ke yin haka ba. Akwai matan da ke ɓoye gwal, adashe ko filaye idan ana lissafin abin da aka tara tare.

Babbar alama ita ce saɓani tsakanin abin da mutum ya ce yana samu da yadda yake rayuwa. Wanda ya ce ba ya iya ciyar da 'ya'ya biyu, amma ya sauya mota, ya tafi Umara, ya haɗa lefen sabon aure, ya bar wa alƙali abin tambaya.

Halattattun hanyoyin bincike

Na farko, rajistar kamfanoni. Hukumar CAC tana da shafin intanet da kowa ke iya duba sunan kamfani. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana masu iko na haƙiƙa a kan kamfani, kuma a 2023 aka buɗe rajistarsu ga jama'a.

Na biyu, ofishin filaye. Lauya na iya neman a duba sunan da ke kan takardar mallaka a ma'aikatar ƙasa ko a hukumomi irin su AGIS a Abuja, KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Filayen da ba su da rajista kuwa, mai unguwa, dillalin da ya yi cinikin da shaidun da suka sa hannu su ne mabuɗin gaskiya.

Na uku, banki. Banki ba ya ba wa miji ko mata bayanin asusun ɗayan, amma kotu na iya ba da umarnin a kawo shi. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, tana haɗa asusun mutum a bankuna daban-daban, don haka rarraba kuɗi bai zama mafaka kamar da ba.

Na huɗu, saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da bayanan da aka fitar daga kwamfuta ko waya idan an cika sharuɗɗanta. Idan kuma ana tsoron a sayar da kadara kafin a gama shari'a, ana iya roƙon kotu ta dakatar da cinikin na wucin gadi.

Abin da ya kamata a guje wa

Kutsawa cikin wayar wani ko asusunsa ba da izini ba na iya zama laifi a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sai mai neman haƙƙi ya koma wanda ake tuhuma. Haka nan yin ƙarya bayan rantsuwa a kotu laifi ne da ke da hukunci, kuma wanda aka kama ya ɓoye abu ɗaya yana wahalar samun alƙali ya gaskata sauran maganarsa.

Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya neman shawara a Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa ko a ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Sulhu ta hannun waliyyai ko malamai ma hanya ce mai sauƙi, amma a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu tare da shaidu.

Mafi alheri shi ne a fara tun ana zaman lafiya. A adana rasit, a tura kuɗi ta banki maimakon hannu da hannu, kuma idan an haɗa kuɗi an sayi fili, a sa sunayen biyu a takarda. Yawancin abin da ake rasawa a kotu, tun ranar da aka bayar ba tare da shaida ba aka rasa shi.