Idan Sabuwar Bindiga Ta Cije: Dalili da Magani

Idan an kawar da amfanin damina a ƙasar Matamaye, hankalin manoma yakan koma ga lambu da rake a kwarin Korama. A lokacin ne zomo da gafiya da kurege suke ɓarna a shuka, a lokacin ne kuma mafarauta suke shiga daji neman zabi da fakara. Yawancin mafarautanmu bindigar toka suke riƙewa, irin wadda maƙera ke ƙerawa. Amma akwai waɗanda suka mallaki ƙaramar bindigar nan ta kamfani da ake kira lamba 22. A kanta za mu yi bayani yau.

Sau da yawa mutum yakan sayi wannan bindiga sabuwa fil, ya je gwadawa, sai ta cije. Harsashi ya ƙi hawa, ko kwanso ya ƙi fita. Wani ya ce an cuce shi. Wani ya ce asiri aka yi mata. Wani kuma ya ɗauko wuƙa ko ƙusa ya shiga ɓanɓarar harsashin. Wannan na ƙarshe shi ne yake rasa ido ko yatsa. Mafi yawan lokaci dalilin cijewar ƙaramin abu ne, kuma ana gyara shi da tsumma da haƙuri. Ƙarfi ba ya gyara shi.

Doka tukuna

Ba a riƙe bindiga a Nijar sai da takardar izini daga hukuma. Farauta ma tana da tata takardar dabam. A shekarar 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 domin tsara farauta da kare namun daji. Akwai dabbobin da aka hana kashewa sam, kamar raƙumin dawa. Akwai kuma lokacin da ake rufe farauta domin dabbobi su hayayyafa. Wanda yake son bayani sai ya je ofishin ma'aikatan kula da ruwa da dazuzzuka. Wannan darasi na masu takarda ne.

Yadda harsashin yake

Kowane harsashi yana da abubuwa 4: kwanso, albarushi, dalmar da take fita, da maganin da yake kunna wuta. A manyan harsasai, maganin kunna wutar yana tsakiyar gindin kwanso. A harsashin lamba 22 kuwa, an zuba shi ne cikin leɓen gindin, ya kewaye shi kamar bakin faifai. Shi ya sa ake ce masa harsashi mai wuta a gefe. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara yin irin wannan harsashi a shekarar 1845. Dogon samfurinsa da aka fi amfani da shi yanzu ya fito a Amurka a shekarar 1887. Kaurin dalmarsa milimita 5.6 ne.

A riƙe abubuwa 3 game da shi. Na farko, leɓen kwanson yana da taushi. Duk abin da ya doke shi da ƙarfi zai iya tayar da harsashin, ko yana cikin bindiga ko yana waje. Na biyu, an shafa wa dalmar kakin zuma ko wani maiƙo mai kama da shi. Wannan maiƙo yana kwasar ƙura da yashi. Na uku, albarushinsa kaɗan ne, kuma yana barin baƙin toka mai yawa a cikin bindiga.

Aikin bindiga kashi 4 ne

Harsasai suna zaune a jere cikin gidan harsashi, sifirin yana turo su sama. Akwai wani ƙarfe mai tafiya gaba da baya, kamar sakatar ƙofa. Za mu kira shi sakata. A farkon bututun bindiga akwai ramin da harsashi yake kwanciya kafin ya tashi. Za mu kira shi ɗakin wuta.

1. Sakata ta turo harsashi daga gidansa.
2. Harsashi ya shiga ɗakin wuta, sakata ta rufe.
3. A ja kunama, allura ta doki leɓen kwanso, harsashi ya tashi.
4. Wata ƙaramar ƙugiya da ke jikin sakata ta jawo kwanso, ya faɗo waje.

A wasu bindigogi, mai harbi ne yake jan sakata da hannu. A wasu kuwa ƙarfin albarushi ne yake tura ta baya, sifirin ya maido ta. Wannan iri na biyu ya fi saurin cijewa, domin ƙarfin ɗan albarushin nan ba shi da yawa. Datti kaɗan ya isa ya tsayar da shi. Idan bindiga ta cije, sai a lura da kyau: a wane kashi cikin 4 ɗin nan ta tsaya? Sanin haka shi ne rabin gyara.

Abin da za a yi nan take

Ka ɗauke yatsa daga kunama. Ka juya bakin bindiga zuwa ƙasa mai taushi, inda ba mutum, ba dabba. Idan ka ja kunama ne ba ta tashi ba, kada ka buɗe da gaggawa. Ka ƙidaya daga 1 zuwa 30 a hankali, domin wani harsashin yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Bayan haka ka cire gidan harsashi, ka ja sakata baya, fuskarka na gefe. Ka duba ɗakin wuta da idonka. Cire gidan harsashi kaɗai bai isa ba, sau da yawa akwai guda a ciki. Kada ka taɓa leƙa bakin bindiga domin ganin abin da ya hana ta tashi.

Dalili na 1: man kamfani

Kamfani yakan shafe sabuwar bindiga da man kauri domin kada ta yi tsatsa a jirgin ruwa da cikin sito. Wannan mai na ajiya ne, ba na aiki ba. Idan ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama kamar danƙo, sakata ta yi nauyi. Saboda haka a wanke sabuwar bindiga kafin harbin farko. A goge sakata da ɗakin wuta da tsumma mai tsabta wanda aka jiƙa da kananzir kaɗan. A bi bututun da tsumma har sai ya fito fari. A bar ta ta bushe. Sannan a ɗiga man keken ɗinki, ɗigo 1 ko 2, a wuraren da ƙarfe yake gogar ƙarfe.

Kada a sa man gyaɗa ko man shanu, domin suna daskarewa su yi yauƙi. Kada a sa baƙin man inji. A ƙasarmu mai yashi, mai da yawa ya fi rashinsa ɓarna. Ɗakin wuta kuwa a bar shi busasshe.

Dalili na 2: gidan harsashi

Idan harsashi ya ƙi hawa, ko ya hau a karkace ya tokare, a fara zargin gidansa. A tura shi cikin bindiga har sai an ji ya kama, sannan a ɗan ja shi a tabbatar. Wajen jera harsasai, a tura kowanne har ƙarshen baya. Leɓen na sama ya zauna a gaban leɓen na ƙasa. Idan ya faɗa bayansa, sun sarƙe ke nan, sakata ba za ta iya turo na saman ba. Sifirin na sabon gida yana da tauri. Idan yana ɗaukar harsashi 10, a fara da 5 a gani. A kakkaɓe yashin da ke ciki, kuma kada a zuba masa mai. Idan bakinsa ya lanƙwashe saboda faɗuwa, sai a sake wani.

Dalili na 3: harsashin kansa

Harsashin da ya kwana a aljihu tare da goro da tsabar kuɗi ya riga ya kwashi datti. Wanda aka bari a rana, a watan Afrilu ko Mayu da zafi yake wuce digiri 40, maiƙonsa yakan narke ya kama ƙura. Wanda ya sha raɓar damina yakan ƙi tashi. A ajiye harsasai cikin kwalinsu, a inuwa, a wuri busasshe. Wanda ya faɗi ƙasa a goge shi. Wanda ya lotse ko dalmarsa take girgiɗi, a ware shi.

Harsasan lamba 22 ba iri ɗaya ba ne. Akwai gajere, akwai dogo, akwai kuma wani babba da ake kira Magnum. An rubuta irin wanda bindiga take ci a jikin bututunta. A gwada wannan rubutu da na jikin kwali, harafi da harafi. Ga amfanin karatu ke nan. Bindiga mai tura sakata da kanta takan so harsashi mai ƙarfi. Idan aka ba ta mai rauni, sakata ba za ta kai ƙarshe ba, sai kwanso ya maƙale a ƙofa. Idan harsashin wani kamfani yana cijewa, a gwada na wani kafin a ce bindigar ce ba ta da kyau.

Dalili na 4: ƙugiya da bakin ɗakin wuta

Idan harsashi ya tashi amma kwanso ya zauna, a duba ƙugiya. Baƙin toka yakan taru a ƙarƙashinta, ta kasa kama leɓen. A share shi da tsohon buroshin haƙori ko tsinken itace.

Akwai wata ɗabi'a da take ɓata irin wannan bindiga, wato jan kunama ba harsashi a ciki. Mai sabuwar bindiga yakan yi haka domin nuna wa abokai. A yawancin irinta, allurar takan doki bakin ɗakin wuta, ta lotsa shi. Daga nan harsashi ya riƙa shiga da ƙyar, kwanso ya riƙa fita da ƙyar. Wannan gyara na gwani ne.

Kwanson da aka riga aka harba, idan ya ƙi fita, a zura sandar wanke bindiga ta baki a turo shi a hankali. Harsashin da bai tashi ba kuwa, ba a bugunsa, ba a ɓanɓarar leɓensa da ƙarfe. Idan ƙugiya ta kasa jawo shi, a bar sakata a buɗe, a nemi wanda ya san aikin.

Dalili na 5: hannun mai harbi

A bindiga mai sakatar hannu, a ja ta har ƙarshen baya, a maida ta har ƙarshen gaba. Jan rabi shi yake sa kwanso ya ƙi faɗowa, ko harsashi 2 su yi karo. Ƙarfen sabuwar bindiga yana da ɗan kaushi, amma yakan yi santsi da yawan aiki. Kada a goge shi da magagari domin gaggawa. Idan an wanke ta, an sake gida, an sake harsashi, kuma tana nan tana cijewa, a maida ta ga wanda ya sayar.

Ƙara maras ƙarfi

Idan ka harba ka ji ƙarar ta yi sanyi, ba kamar yadda ka saba ji ba, ka tsaya nan take. Wataƙila dalmar ta tsaya a tsakiyar bututu. Idan ka sake harba wani a bayanta, bututun zai iya kumbura ko ya fashe. Ka fitar da komai, ka zura sandar wanki ka tabbatar hanya a buɗe take.

Lafiyarka da ta iyalinka

Kada ƙanƙantar harsashin nan ta ruɗe ka. Yana iya tafiyar fiye da kilomita 1 da rabi, kuma yana tsalle idan ya doki dutse ko ruwan tabki. Garuruwanmu kusa suke da juna, makiyaya da yara masu neman itace suna ko'ina. A gwada bindiga a gaban tudun yashi, ba a sarari ba. A sa tabarau domin kare ido, a toshe kunne da matoshin kunne.

Dalma guba ce. A shekarar 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a jihar Zamfara ta Nijeriya. Dalmar harsashi ma ita ce dai. Kada a riƙe harsashi a baki. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A yanke naman da ke kewaye da inda harsashi ya bi a zubar, musamman idan yara ko mai ciki za su ci.

Idan tsautsayi ya faru, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannawa. Kada a zuba toka ko ƙasa. Kada a tona neman dalmar. Ramin ƙarami ne a waje, amma jini yana iya zuba a cikin ciki ko ƙirji ba a gani ba. A kai mutum asibitin Matamaye ba tare da jinkiri ba, ko da yana tafiya da ƙafarsa. Idan aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, a kuma karɓi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki.

Idan an dawo gida, a cire harsashi duka. A kulle bindiga a wuri ɗaya, harsasai a wani wurin, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa ƴan'uwansa mafarauta da ba su samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu.