Namun Dajin Kan Duwatsu: Abin Da Ya Saura Gare Mu

Mutumin Yakasai in ya ce dutse, to, Dala yake nufi ko Goron Dutse, inda yau babu naman dajin da ya wuce ƙadangare. Alhali kuwa littafin tarihin Kano ya nuna Barbushe maharbi ne wanda yakan kashe giwa a wannan ƙasa. Giwayen sun ƙare, dajin ya zama gari.

Wanda ke son ganin namun dutse a Nijeriya yanzu sai ya nausa gabas, can Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru, wadda aka mai da gandun daji na ƙasa a 1991. A nan dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Akwai ɓauna da damisa da gwanki, da birin nan mai kama da mutum. Akwai gadar dutse, wadda ke tafiya a kan tsinin kofato, ta haye falalen da mutum ba ya iya takawa. Akwai kuma rema, wanda masana suka ce, duk da ƙanƙantarsa, dangin giwa ne. Amma farauta da ƙunar daji da saran itace suna rage su kullum.

To, mu dubi abin da ya sami Suwizalan, ƙasar Turai mai duwatsun ƙanƙara. Suna da wani bunsurun dutse mai dogayen ƙahoni. Mutane suka dinga harbinsa don nama, da kuma camfin cewa ƙahonsa da jininsa magani ne, har aka wayi gari babu ko ɗaya a ƙasar. 'Yan kaɗan ne suka saura a dutsen Gran Paradiso na Italiya, wanda sarkin can ya keɓe don farautarsa a 1856, ya sa masu gadi.

Da abin ya dami mutanen Suwizalan, sai a 1906 aka sato 'ya'yan dabbar daga Italiya, aka rene su a garin St. Gallen. A 1911 aka fara sakinsu bisa duwatsu. Yau adadinsu a dukan duwatsun yankin ya haura 40,000. Da sarkin nan bai tsare ragowar ba, da kuɗi da nadama ba su dawo da ita ba, gama sai da iri ake shuka.

Mu ma muna da sauran iri: a Gashaka, da Yankari wadda aka keɓe tun 1956, da dajin Falgore a kudancin Kano. Ya kamata malaman makaranta su koya wa yara sunayen dabbobin nan da halayensu, ma'aikata kuma su tsaya kan dokar farauta ba sani ba sabo. In an yi sakaci, jikokinmu za su ji labarin gadar dutse kamar yadda mu muke jin labarin giwayen Barbushe.